Faifai, Atamfa da 'Ya'yan Ruwa Biyu

A shekarar 1996, Fatimah Tuggar, wata mai fasaha haifaffiyar Kaduna wadda ta yi karatu a Landan da Amurka, ta ɗauki na'urar garmaho, ta cire baƙin faifan da aka saba ɗora mata, ta maye gurbinsa da faifan saƙa, irin wanda matan Hausawa ke rufe ƙwaryar fura da shi ko su yi bakace. Bayan shekara 14 ta koma wa wannan tunani, ta faɗaɗa shi a wani aiki da ta kira Fai-fain Gramophone: faya-fayan saƙa masu launi, da takardar suna a tsakiyarsu kamar na kamfanin waƙa, muryar Barmani Choge kuma tana tashi a ɗakin.

Ba'amurken da ya shiga wurin zai ga abu mai ƙayatarwa, ya karanta bayanin da aka liƙa a bango, ya gyaɗa kai. Bahaushe kuwa ba ya bukatar bayanin. Ya san cewa da garmaho ya iso ƙasar Hausa, mutane sun dubi wannan baƙin abu kewayayye mai faɗi, suka ga ba shi da maraba da abin da ke rataye a ɗakin kowace amarya, sai suka ce masa faifai. Sunan ya tsallake zamanin kaset ya sauka a kan CD, har yau kuma ana cewa faifan bidiyo ga abin da ba shi da jiki ko kaɗan, yana zaune cikin waya. Tuggar ta mayar wa kalmar da jikinta na farko. Zaɓen Barmani ma ba a banza aka yi shi ba: amada kiɗan ƙwarya ne, kiɗan matan cikin gida, su ne masu saƙa faifan, su ne kuma masu ƙwaryar da ake rufewa da shi.

Wannan aiki ya cancanci a riƙe shi a matsayin mudu, domin kasuwar da ya fito daga cikinta ta cika ta batse, kuma ba duk abin da ake aunawa a cikinta ne tsaba ba. Cikin shekara talatin ɗin nan, fasahar mutanen da suka tashi tsakanin al'adu biyu ta zama ɗaya daga cikin hajojin da manyan gidajen baje koli na Turai da Amurka suka fi nema. Wani daga cikin masu yin ta ya sha ruwan duka rijiyoyin biyu har ya san ɗanɗanon kowace, don haka mai kallo na gida da na waje kowa yakan tsinci abin da ɗan'uwansa bai gani ba. Wani kuwa alamar gida kawai ya ɗauko, zane ko tsaga ko sunan kaka, ya yi ado da ita don idon baƙo. Bambance su ba ƙaramin aiki ba ne, amma ya zama dole, musamman ga iyayen da 'ya'yansu ke tasowa a Manchester ko Jidda ko Maitama, waɗanda gobe su ne za su zana wa duniya hoton gidan da suka fito.

A 2024, babban baje kolin fasaha na birnin Venis a Italiya, wanda ake yi tun 1895, ya ɗauki taken da ma'anarsa ita ce "baƙi a ko'ina". Nijeriya ta kafa rumfarta a wurin karo na biyu, bayan ta farko a 2017, da mutum takwas: Yinka Shonibare, Toyin Ojih Odutola, Ndidi Dike, Onyeka Igwe, Tunji Adeniyi-Jones, Abraham Oghobase, Precious Okoyomon da ita Fatimah Tuggar. Biyar daga cikinsu a Landan aka haife su, mafi yawansu kuma a waje suke zaune. Wadda ta tsara rumfar, Aindrea Emelife, ita ma haihuwar Landan ce. Wato fuskar da Nijeriya ta nuna wa duniya a babban taron fasaha, 'ya'yanta na ƙetare ne suka zana ta.

Turawa sun daɗe da raɗa wa irin waɗannan mutane suna. Wasu masana zamantakewa 'yan Amurka, John da Ruth Useem, da suka yi bincike a Indiya a shekarun 1950, su ne suka fara maganar yaran "al'ada ta uku", wato waɗanda ba su cika zama 'yan ƙasar iyayensu ba, ba su kuma cika zama 'yan ƙasar da suka girma ba. Hausa tana da nata kalmomin, kuma ba duka ne na yabo ba. Ruwa biyu ana faɗinta ga wanda iyayensa suka fito daga jinsi daban, a nan kuwa an ɗan ja ta don ta haɗa da wanda tarbiyya ta raba shi biyu. Akwai kuma jemage, wanda tsuntsaye suka ce yana da haƙora, dabbobi suka ce yana da fiffike. Mafi zafi shi ne karin maganar nan: kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Duk fasahar da ake magana a kanta, ta wata fuska, gardama ce da wannan hukunci.

Babu wanda ya ja gardamar da nisa kamar Yinka Shonibare. An haife shi a Landan a 1962, iyayensa suka koma Legas da shi yana ɗan shekara 3, ya sake dawowa Ingila yana saurayi. Kafin ya cika shekara 20 wata cutar laka ta shanye masa ɓarin jiki, shi ya sa yawancin ayyukansa shi ne mai tsarawa, mataimaka ne ke ɗinkawa da sassaƙawa. Labarin da ya sha bayarwa shi ne, yana makarantar fasaha yana aiki a kan sauye-sauyen siyasar Tarayyar Sobiyet, sai wani malaminsa ya tambaye shi dalilin da ya sa ba ya yin fasahar Afirka ta asali. Yaron da ya tashi a gidan lauya a Legas, yana kallon shirye-shiryen talabijin na Amurka, sai ya nufi kasuwar Brixton neman wannan asali da aka ce ya yar. Abin da ya tarar shi ne atamfa. Da ya bi diddiginta, sai ya ga salon rinin na mutanen Jaba ne a Indunusiya, Turawan Holan da na Ingila ne suka kwaikwaye shi da inji a ƙarni na 19, da kasuwar Indunusiya ba ta karɓa yadda suke so ba sai suka karkato da hajar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a garin Helmond a 1846, har yau yana buga ta.

Daga nan Shonibare ya sami makaminsa. Ya riƙa ɗinka tufafin attajiran Turai na da can da atamfa, ya sanya wa mutum-mutumi marasa kai. A wani aiki na 2003 ya zaunar da 14 daga cikinsu kewaye da tebur mai taswirar Afirka, daidai da adadin ƙasashen da suka halarci taron Balin na 1884 zuwa 1885, kowa yana miƙa hannu, babu mai kan da zai yi tunani da shi. A 2010 ya ɗora wata ƙatuwar kwalba a dandalin Trafalgar, cikinta akwai kwaikwayon jirgin ruwan yaƙin Nelson, filafilansa duka da zane irin na atamfa. Dandalin an sa masa sunan yaƙin 1805 da ya tabbatar wa Ingila mulkin teku, mulkin da ya share hanyar kasuwanci da mamaya, wanda a ƙarshe ya kawo iyayen irinsu Shonibare Landan. Da Sarauniya ta ba shi lambar girma mai ɗauke da sunan daular Birtaniya, bai ƙi karɓa ba kamar yadda mawaƙi Benjamin Zephaniah ya ƙi tasa a 2003. Sai ma ya liƙa haruffan lambar a jikin sunansa na aiki. Ko ba'a ce, ko jin daɗi ne, ko duka biyun, ya bar wa mai kallo ya yanke.

Sai dai akwai abin da masu sharhi na Turai ba su cika lura da shi ba. Tonon asirin da ya girgiza su, cewa zanen da suke ɗauka tambarin Afirka ashe daga Holan yake, ba asiri ba ne ga kowace mace da ta taɓa shiga Kantin Kwari. Sunan ƙasar yana jikin hajar. Ana cewa Holan, ana cewa Sufa, ana cewa Kodebuwa, kuma duk mai haɗa lefe ya san tazarar kuɗin da ke tsakaninsu da ta Sin. Shaddar da manyan mutane ke yin babbar riga da ita, wadda ake kira Gezna, kamfanin Getzner ne ke saƙa ta a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, ba wanda ya taɓa cewa mai sanye da ita ya fita daga Hausa. Alkyabbar sarki da jar dara ta hanyar Sahara suka zo. Bahaushe bai taɓa auna asalin tufa da inda aka saƙa ta ba. Yana auna ta da wanda ya ɗinka, da wanda ya sa, da ranar da aka sa. An ce zanen aro ba ya rufe katara, amma atamfa ta daɗe da daina zama aro, tun da an yi goyo da ita, an yi ankon biki, an kai ta gidan suna. Ciwon da ke tattare da ita a Arewa wani ne dabam: masaƙun Kaduna, waɗanda suka fara da KTL a 1957 suka ɗauki dubban ma'aikata, yawancinsu sun zama kufai.

Wannan bai rage wa Shonibare daraja ba, amma ya nuna inda ya sa gaba yana magana. Amsa yake ba malamin nan nasa, da duk wani mai tunanin cewa ɗan Afirka na gaske shi ne wanda bai taɓa cuɗanya da kowa ba. Amsar ta yi kyau, kuma ta zama dole a can. Mutumin Kano kuwa, wanda garinsa ya yi ɗaruruwan shekaru yana karɓar Wangarawa da Larabawan Turabulus da Nufawa da Barebari, har unguwanni irin su Tudun Nufawa da Zangon Barebari suka ɗauki sunayensu, ba shi ne ya yi tambayar ba.

Njideka Akunyili Crosby ta bi wata hanya mai natsuwa. An haife ta a Inugu a 1983. Mahaifiyarta ita ce marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabanci NAFDAC ta yi yaƙi da jabun magunguna. Tana da shekara 16 ta tafi Amurka, bayan mahaifiyar ta ci cacar takardar zama a can. Ta fara da nufin zama likita, ta ƙare a makarantar fasaha ta Yale, ta auri Ba'amurke farar fata, tana zaune a Los Angeles. Zanenta kusan duka na cikin ɗaki ne: kujera, teburin shayi, miji da mata a bakin gado. Daga nesa ɗaki ne kawai. Idan aka matso, sai a ga bango da daɓe, wani lokaci har fatar mutanen, an lulluɓe su da ɗaruruwan ƙananan hotuna: na kundin iyali, na mujallun Legas, na mawaƙa, na taurarin fim, na shugabannin soja. Takan buga hoton a takarda, ta kifa shi a kan zanen, ta goga masa sinadarin asiton har tawadar ta koma, shi ya sa hotunan ke fitowa dishi-dishi kamar abin da ake ƙoƙarin tunawa.

Ɗaya daga cikin zanenta na 2013 sunansa Tea Time in New Haven, Enugu. New Haven shi ne garin da jami'ar Yale take a Amurka, kuma sunan wata unguwa ce a Inugu da ta sani tun ƙuruciya. Ba'amurke zai karanta rabin sunan ya ji ya gane wurin, ɗan Inugu ya karanta ya ji ana maganar layinsu. Shayin kansa gadon Ingilishi ne, amma kayan da ke kan teburin na gidan ma'aikacin Nijeriya ne, irin wanda duk wanda ya tashi a kwatas ɗin gwamnati, ko a Inugu ko a Gusau, zai shaida. Irin wannan aiki ya ci jarrabawar faifai. Ba ta yi wa kowa tafinta ba, kuma mai kallon da bai san fuskokin da ke bangon ba ya rasa wani abu na gaske, abin da takardar bayani ba za ta cike masa ba.

Daga nan maganar kuɗi ta shigo. A 2017 an sayar da wani zanenta a gwanjon Christie's na Landan a kan sama da dala miliyan 3, a shekarar kuma ta sami kyautar MacArthur. Ta cancanta. Amma kasuwa ba ta tsayawa a kan wanda ya cancanta, sai ta nemi goma masu kama da shi. Matashin da ya fito daga makarantar fasaha a Landan da suna irin na Afirka ya riga ya san abin da ake so ya kawo: tsohon hoton kaka, ƙyallen atamfa, da sakin layi guda a kan rasa inda zai kira gida. Malamin Shonibare ya nemi ɗalibinsa ya zama ɗan Afirka tsantsa. Dillalin yau yana neman ya zama rabi da rabi, kuma ya riƙa nuna ɗinkin a fili. Duka biyun umarni ne daga waje, kuma na biyun ya fi wuyar ƙi, domin da kuɗi yake zuwa. Illarsa ga na gida ita ce, mai zanen da ke Zariya ko Jos ko Damagaram, wanda bai taɓa tsallaka teku ba, ba shi da labarin da wannan kasuwa ta saba saye, kuma ko an gayyace shi sai ya fara cin jarrabawar biza.

Maganar biza ita ce ainihin inda gizo ke saƙa. A 2005 marubuciya Taiye Selasi, wadda aka haifa a Landan ga uba ɗan Gana da uwa mai tushe a Nijeriya, ta yaɗa kalmar Afropolitan don siffanta matasan Afirka masu digiri da harsuna da gida a birane da yawa. Marubuta irin su Binyavanga Wainaina na Kenya da Emma Dabiri sun soki kalmar, suna ganin ta koma tallar kayan ƙawa ga masu hali. Sukar tana da tushe. Mafi yawan mutanen da suka tashi tsakanin al'adu biyu ba su da fasfo biyu, wasu ko ɗaya ba su da shi. Jikokin mahajjatan ƙafa da suka yada zango a Sudan, da mutanen Mai Wurno a bakin Kogin Nilu, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya zauna da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, da yaran zangon Kumasi da unguwar Nima a Akara, da waɗanda aka haifa a Makka aka taso ƙeyarsu zuwa Kano suna jin Larabci fiye da Hausa, duka ruwa biyu ne, sun kuma riga 'yan Landan shiga wannan hali da nisa.

Su ma sun yi fasaha, sai dai ba a rataye ta a bango ba. A'isha Musa Ahmad, wadda Sudan ta sani da A'isha Falatiya, 'yar malami ce mai tushe a ƙasar Sakkwato. Ta zama ɗaya daga cikin mata na farko da suka rera waƙa a rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, ta ɗauki faya-fayai a Alƙahira, ta rasu a 1974 tana cikin manyan muryoyin ƙasar. Laƙabin da ta shahara da shi, Falatiya, shi ne sunan da ake kiran mutanen yamma da shi, sau da yawa da raini. Ta rera da Larabcin Sudan har 'yan ƙasa suka ɗauke ta tasu, sunan baƙunta kuma yana manne da ita har kabari. Duk abin da ake rubutawa yau a kan zama tsakanin gida biyu yana cikin wannan suna guda.

Adalci ne a ce Shonibare bai manta da irin waɗannan ba. A 2023 ya kafa wani dogon fure mai launin atamfa, kusan mita 10, a birnin Leeds, don tunawa da David Oluwale, ɗan Legas da ya ɓuya a jirgin ruwa ya isa Ingila a 1949, ya ƙare yana kwana a titi, aka tsinci gawarsa a kogin Aire a 1969. An ɗaure 'yan sanda biyu a 1971 bisa laifin cin zarafinsa. Ya kuma buɗe gidan baƙin masu fasaha a Legas da wata gona a yankin Ijebu, inda na gida da na waje ke zama tare su yi aiki. Wannan ya fi duk wani jawabi a kan komawa tushe nauyi, domin ginin yana nan ana kwana a cikinsa.

Tambayar wa ake yi wa aikin ba sabuwa ba ce. Ibrahim El-Salahi, ɗan malamin addini daga Omdurman, ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan a shekarun 1950, ya dawo Khartoum ya baje zanensa irin na Turai, sai ya ga mutanensa ba su damu da su ba. Maimakon ya zarge su da jahilci, sai ya koma ya dubi abin da idonsu ya saba da shi: rubutun allo, zayyana, adon tabarma da na fata. Daga lanƙwasar haruffan Larabci ya fitar da sabon salo, wanda a 2013 ya kai shi ga babban baje kolin ayyukan rayuwarsa a Tate Modern. A daidai wannan zamani, a 1958, wasu ɗalibai a kwalejin Zariya suka kafa ƙungiyar da aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya, suna neman a haɗa dabarun da Turawa ke koya musu da fasahar gida. Jagoransu, Uche Okeke, Ibo ne da ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, ya je ya koyi zanen uli na matan Ibo daga wurin mahaifiyarsa. Shi ma ruwa biyu ne, ba tare da ya bar Nijeriya ba. Abin lura a wurin mutanen nan biyu shi ne, kafin su gauraya, sai da suka koma suka yi karatun abin da za su gauraya.

Hanyar El-Salahi tana da muhimmanci na musamman ga ƙasar Hausa, inda mutane da yawa ke ɗari-ɗari da surar mai rai saboda addini. Wannan bai hana fasaha ba, ya dai tura ta wasu wurare: dagi a goshin gini, aska takwas a ƙirjin riga, zayyanar allon sauka, ƙunshi, adon sirdi, bakan gizon soro. Yaron Bahaushe da ya tashi a Birmingham yana son zama mai fasaha yana da taska a nan, idan akwai wanda zai buɗe masa. Idan babu, abin da zai ɗauko shi ne abin da intanet ta nuna masa a matsayin Afirka, wato atamfa da zanen kente da taswira, kayan da kowa ke ɗauka.

Nan ne nauyin ya dawo kan iyaye. Gauraya sai da abu biyu. Yaron da ake yi wa Turanci a gida da makaranta da mota, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, ruwa ɗaya ya sha, sunan rijiya ta biyu kawai ya gada. Wannan yana faruwa a Abuja kamar yadda yake faruwa a Toronto, kuma sau da yawa iyayen da suka fi kowa kukan lalacewar al'ada su ne suka fi murna idan baƙo ya ce ɗansu ba a jin Hausa a bakinsa. Raha irin ta Tuggar ba ta yiwuwa ga wanda bai san kalmar faifai ta ɗaki ba. Tun a aikinta na 1997 mai suna Working Woman, inda ta zaunar da mace a ƙasa tana murmushi, kwamfuta da tarho da fitilar ofis kewaye da ita, hoton kansa kuma yana maimaituwa a fuskar kwamfutar, ana ganin idon wadda ta san tsakar gida daga ciki. A bidiyonta na 2000, Fusion Cuisine, ta yanka tallace-tallacen kayan girkin Amurka na bayan yaƙin duniya na biyu ta haɗa su da hotunan matan Afirka suna aikin gida, har mai kallo ya fara tambayar wace ce cikinsu na'ura ta 'yantar. A Venis kuma ƙwarya ta kai, ta haɗa ta da fasahar kwamfuta ta zamani. Shekara kusan talatin ke nan tana komawa madafar gidan Bahaushe, ba ta rasa abin ɗauka ba.

Kuma madafar da ɗakin sun daɗe suna yin irin wannan aiki kafin a san sunansa. A ƙarnin da ya wuce, jeren ɗakin amarya ya tashi daga ƙore da tasoshin tagulla ya koma kwalla da samira da kumbo, kwanonin da aka fara shigo da su daga Turai da Asiya kafin a fara ƙera su a Nijeriya. Matan da ba su taɓa jin labarin gidan baje koli ba sukan jera su tun daga ƙasa har rufi, launi bisa launi, babba a ƙasa ƙarami a sama, mata 'yan ganin ɗaki su shigo su duba su yi sharhi, a san wadda danginta suka yi ƙoƙari da wadda aka yi wa aro. Furannin da ke jikin kwanonin ba su tsirowa a ƙasar Hausa. Daga baya kabet da kwanonin tangaran suka ture su, yanzu kuma sai a ɗakin tsohuwa ake ganin ragowar jeren, galibi a saman durowa, ana ajiye goro ko zare da allura a ciki.